Haɗa Kwamfutar Wasa Daidai Ƙarfin Wutar Gida

Gabatarwa

A shekarar 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa ta tebur wadda ta zama kakar mafi yawan kwamfutocin da ake amfani da su a yau. Akwatin wutar da ke cikinta bai iya bayar da abin da ya wuce wat 63.5 ba. A shekarar 2025 kuwa kamfanin Nvidia ya fitar da katin hoto mai suna GeForce RTX 5090, wanda shi kaɗai, ba tare da sauran kayan kwamfutar ba, yake iya shan wat 575. Ke nan kati ɗaya ya ninka tsohuwar kwamfutar nan sau tara wajen cin wuta.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga duk matashin da ke tara kuɗi domin ya haɗa kwamfutar wasa, da mai gidan gem da ke son ƙara na'urori, da kuma malamin da aka ɗora wa alhakin tsara ɗakin kwamfuta a makaranta. Inda wutar gari take zuwa tana ɗaukewa, aka dogara da ƙaramin janareta ko batir da sola, wutar da ake da ita a ƙidaye take kamar kuɗin cefane. Wanda ya sayi kaya masu tsada bai yi lissafin wuta ba, yana iya wayar gari da na'urar da ke kashe inbatar gida da zarar wasa ya yi zafi, ko kuma ta tsotse batir kafin a idar da hirar dare. Hausawa na cewa daidai ruwa, daidai tsaki. A wannan maƙala za mu duba yadda ake yin wannan lissafi daki-daki, tun daga ma'anar wat har zuwa zaɓen kowane ɓangare na kwamfutar.

Wat, Bolt da Amfiya

Kafin a shiga kasuwa, ya kamata mai karatu ya riƙe ma'auni uku. Idan muka kwatanta wutar lantarki da ruwan famfo, bolt shi ne ƙarfin da ke tura ruwan, amfiya kuma yawan ruwan da ke wucewa ta cikin bututu a kowace daƙiƙa. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, wato yawan aikin da wutar ke yi a kowace daƙiƙa. An raɗa wa wannan ma'auni sunan James Watt, injiniya ɗan ƙasar Sikotilan wanda ya rayu daga 1736 zuwa 1819, ya kuma shahara wajen kyautata injin tururi. A Nijeriya ƙa'idar wutar gida ita ce bolt 230. Saboda haka na'urar da ke jan amfiya 2 daga bango tana shan kimanin wat 460.

Akwai kuma ma'auni na huɗu wanda ake yawan rikita shi da wat, shi ne wat-awa. Wat yana nuna saurin shan wuta, shi kuwa wat-awa yana nuna jimillar abin da aka sha. Ƙwan lantarki mai wat 10 da ya yi awa 5 a kunne ya sha wat-awa 50. Wat-awa 1,000 shi ne kilowat-awa ɗaya, kuma shi ne yunit ɗin da mitar gida ke ragewa. Daga nan za a ga cewa iyakar wuta iri biyu ce. Ta farko ita ce iyakar wat: nawa inbata ko janareta za su iya ɗauka a lokaci guda? Ta biyu ita ce iyakar wat-awa: awa nawa batir zai yi kafin ya ƙare, kuma nawa za a biya a ƙarshen wata? Kyakkyawan tsari sai ya amsa tambayoyin duka biyu.

Su Wa Ke Shan Wuta a Cikin Akwati?

Kwamfutar wasa ta ƙunshi ɓangarori da dama, amma biyu daga cikinsu su ne manyan maciya. Na farko shi ne katin hoto, wanda ke zana duk abin da ido ke gani a allon kallo. Na biyu ita ce ƙwaƙwalwa, wadda ke tafiyar da dokokin wasan, da motsin abokan gaba, da lissafin inda ƙwallo za ta faɗa. Sauran ɓangarorin ba su da ci sosai. Babban faranti, wanda kowane ɓangare ke maƙale a jikinsa, yakan sha tsakanin wat 20 zuwa 40. Kowane sandan ma'ajin wucin gadi, wanda aka fi sani da ram, yakan sha wat 3 zuwa 5. Ma'ajin dindindin na zamani marar faifai mai juyawa ba ya wuce 'yan wat kaɗan, haka ma kowace ƙaramar fanka.

Tazarar da ke tsakanin kati da kati tana da faɗi ƙwarai. GeForce GTX 1650 na shekarar 2019 yana shan wat 75. Radeon RX 6600 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2021, wat 132 ne. RTX 3060 na 2021 wat 170 ne, shi kuwa RTX 4060 da ya gaje shi a 2023 wat 115 kawai yake sha, alhali ya fi shi sauri. A can sama kuma akwai RTX 4090 na 2022 mai wat 450. Abin lura a nan shi ne, sabon ƙaramin kati sau da yawa yakan fi tsohon babban kati tsimin wuta, domin an ƙera shi da ƙananan taransistoci. Wanda ke duba kayan gwanjo ya tuna da wannan, kada arahar farashi ta rufe masa ido daga kuɗin wutar da zai biyo baya.

Ko da babu takardar bayani, ana iya ƙiyasta iyakar cin kati ta hanyar duba wayoyinsa. Ramin da ake cusa katin a jikin babban faranti yana bayar da wat 75. Wayar ƙari mai baki 6 tana ƙara wat 75, mai baki 8 kuma wat 150. Katin da ba shi da wayar ƙari ko ɗaya ba zai wuce wat 75 ba. Mai waya ɗaya mai baki 8 kuma iyakarsa bisa ƙa'ida wat 225 ne. Sabuwar waya mai baki 16 da aka shigo da ita a 2022 tana iya ɗaukar har wat 600, ganinta a jikin kati kuwa alama ce ta a tsaya a karanta takarda da kyau.

Lambar Jikin Kwali

A jikin kwalin ƙwaƙwalwa akan rubuta wata lamba da ake kira TDP. Asalinta jagora ce ga masu ƙera abin sanyayawa, tana gaya musu yawan zafin da ya kamata su iya kwashewa. Sau da yawa ƙwaƙwalwar kan sha fiye da haka idan aiki ya yi yawa. Alal misali, Core i5-12400F ta kamfanin Intel, wadda ta fito a 2022, an rubuta mata wat 65, amma kamfanin da kansa ya bayyana cewa tana iya kaiwa wat 117 idan ta ƙure gudu. Core i9-14900K ta 2023 an rubuta mata wat 125, iyakarta kuwa wat 253. Ita ma Ryzen 5 7600 ta AMD mai lambar wat 65 an ba ta damar kaiwa wat 88. Don haka mai lissafi ya nemi babbar lambar ya yi aiki da ita. A yawancin wasanni ƙwaƙwalwa ba ta kaiwa ƙarshen iyakarta, to amma wanda ya tanadi wurin babbar lamba ba zai sha mamaki ba ranar da ta kai.

Dalilin da Ya Sa Ƙarin Gudu Ke da Tsada

Cikin kowace ƙwaƙwalwa da katin hoto akwai biliyoyin taransistoci, waɗanda ƙananan makunnai ne da ke buɗewa suna rufewa sau biliyoyi a daƙiƙa. Duk buɗewa da rufewa tana cin 'yar wuta. Masana sun nuna cewa wutar da ake ci ta wannan hanya tana tafiya daidai da yawan bugun, sannan tana tafiya da bolt ninki kansa. Ma'ana, idan aka ninka bugu sau biyu, cin wuta zai ninka sau biyu, idan kuwa bolt aka ninka sau biyu, cin wuta zai ninka sau huɗu. Matsalar ita ce, duk lokacin da ake son ƙara bugu sosai, dole sai an ƙara bolt domin makunnan su amsa a kan lokaci. Saboda haka ɗan gudun ƙarshe da ake matsowa daga na'ura shi ne mafi tsada.

A shekarar 1974 injiniya Robert Dennard da abokan aikinsa a IBM suka bayyana cewa idan aka rage girman taransista, ana iya rage bolt ɗinta tare, ta yadda zafin da kowane yanki na na'urar ke fitarwa ba zai ƙaru ba. Wannan ƙa'ida ta yi aiki kusan shekara talatin. Wajen 2005 ta fara gazawa, domin taransistocin sun yi ƙanƙantar da wuta ke yoyo ta jikinsu, ba a kuma iya rage bolt kamar da. Tun daga lokacin, kamfanoni suka koma ƙara yawan sassan da ke aiki tare, manyan katunan hoto kuma suka yi ta ƙara ci.

Wannan ilmi yana da amfani kai tsaye ga mai ƙaramar wuta, domin lissafin yana aiki ta baya ma. Idan aka rage bolt da kashi 10 cikin 100, sai a ninka 0.9 da 0.9 a sami 0.81, wato cin wuta ya ragu da kashi 19. Idan aka haɗa da rage bugu da kashi 10, sai a sake ninkawa da 0.9 a sami 0.729. An yi asarar kashi 10 na gudu, an tsira da kashi 27 na wuta. Ciniki ne mai riba, kuma za mu dawo kansa a gaba.

Akwatin Wuta da Tsiminsa

Wutar bango mai kai-da-komo ce, tana zagaye sau 50 a kowace daƙiƙa. Kayan cikin kwamfuta kuwa suna bukatar wuta miƙaƙƙiya mai bolt 12, da 5, da 3.3. Akwatin wuta shi ne ke yin wannan juyi, bisa tsarin ATX da Intel ya fito da shi a 1995. A wajen juyin, wani kaso na wutar yakan salwanta ya zama zafi. Akwatin da tsiminsa ya kai kashi 88 cikin 100, idan kayan ciki suka nemi wat 264, shi zai jawo wat 300 daga bango, wat 36 su tafi a iska.

A shekarar 2004 aka ƙaddamar da shirin bayar da shaidar 80 Plus ga akwatunan da tsiminsu bai gaza kashi 80 ba idan an ɗora musu kashi 20, da 50, da 100 na nauyin da za su iya ɗauka. Daga baya aka ƙara matakai da aka sa wa sunayen ƙarafa, kamar tagulla da zinariya. A gwajin da ake yi da wuta mai bolt 115, matakin tagulla yana bukatar kashi 85 a rabin nauyi, na zinariya kuma kashi 90. A wuta mai bolt 230 irin tamu, tsimin yakan ɗan ɗara haka.

Abubuwa biyu ake yawan kuskurewa game da wannan akwati. Na farko, lambar da ke jikinsa iyakar abin da zai iya bayarwa ce. Akwati mai wat 550 ba ya shan wat 550 kullum, abin da kayan ciki suka nema kawai yake jawowa, haɗe da asararsa. Na biyu, akwati ya fi tsimi idan nauyin da ke kansa yana wajen rabin ƙarfinsa. Bugu da ƙari, katunan hoto na zamani sukan yi wata irin zabura, su fizgi wuta mai yawa na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Saboda haka ne ma tsarin ATX 3.0 na 2022 ya tanadi cewa manyan akwatuna su jure ninki biyu na ƙarfinsu na tsawon kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa. Akwatin da aka matse shi dab da iyakarsa yana iya kashe kansa idan irin wannan zabura ta zo. A nan ne araha ba ta ado: akwati marar suna, marar nauyi a hannu, mai babbar lamba a jiki, idan ya ƙone yakan tafi da kati da faranti.

Misali a Aikace

Bari mu ɗauki gida mai inbata da aka rubuta wa VA 1,000. Haruffan VA suna nufin bolt sau amfiya, amma a wuta mai kai-da-komo ba dukkan wannan adadi ne ke zama aiki ba. Inbatoci da yawa ana ninka lambarsu da 0.8 kafin a sami wat na haƙiƙa, kuma akan rubuta wannan a jikinsu ko a takardarsu. Ke nan tamu wat 800 ce.

Mataki na farko, a ware kashi 20 a matsayin rara, wato wat 160, domin inbata ba ta son a ƙure ta, fankoki ma kan ja wuta fiye da kima a lokacin tashi. Saura 640. Mataki na biyu, a cire kayan gida da za su kasance a kunne. A ce fanka biyu masu wat 70 kowace, ƙwai shida masu wat 10, da talabijin mai wat 80. Jimilla 280. Saura 360, kuma wannan shi ne kasafin kwamfuta baki ɗaya.

Mataki na uku, a cire abin da ke wajen akwati. Allon kallo mai inci 24 a ba shi wat 30, lasifika da na'urar intanet wat 10. Saura 320 daga bango. Mataki na huɗu, a cire asarar akwatin wuta. Idan tsiminsa kashi 88 ne, 320 sau 0.88 ya ba mu kimanin wat 282 da za su isa ga kayan ciki. Mataki na biyar, a cire ƙananan maciya: babban faranti 30, sandan ram biyu 8, ma'ajin dindindin 6, fankoki uku 6, allon rubutu da linzami 5. Jimilla 55, saura 227. Idan aka zaɓi ƙwaƙwalwa mai iyakar wat 88, abin da ya rage wa katin hoto shi ne wat 139.

Yanzu kasuwa ta taƙaitu. Kati mai wat 115 ya shiga, mai wat 132 ma ya shiga da ƙyar, mai wat 170 kuwa ya fita. Idan aka ɗauki mai 115, kayan ciki sun zama 55 da 88 da 115, wato 258. A raba da 0.88, a sami kimanin 293 daga bango. A ƙara 40 na waje, jimilla wat 333, ƙasa da kasafinmu na 360. Akwatin wuta mai wat 550 ya dace da wannan haɗi, domin 258 yana kusa da rabinsa.

Domin kwatanci, a haɗa kati mai wat 575 da ƙwaƙwalwa mai wat 253 da ƙananan kaya 55. An sami 883. Ko da akwati mai tsimin kashi 90, wannan wat 981 ne daga bango, da na waje kuma kimanin 1,020. Inbatar nan ba za ta ɗauke shi ba ko an kashe kowane ƙwai a gidan.

Batir, Sola da Kuɗin Wata

Sai iyaka ta biyu. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400. Idan na darma ne, shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a sha fiye da rabinsa, domin yawan tsotse shi na rage masa kwana. Saura 1,200. Inbata ma tana da tata asara, idan tsiminta kashi 85 ne, abin da zai fito wat-awa 1,020 ne. Kwamfutarmu mai wat 333 ita kaɗai za ta yi kimanin awa 3. Idan aka haɗa da kayan gida, nauyi ya zama 613, batir ba zai wuce awa ɗaya da minti 40 ba. A nan ne lissafi ke shiga zaman lafiyar gida, domin wasan mutum ɗaya yana iya sa iyali kwana cikin zafi babu fanka.

Wasan awa 3 a kullum da wat 333 yana cin kusan yunit ɗaya. Domin a mayar da wannan ta hanyar rana, farantin sola mai wat 300 a wurin da ke samun kwatankwacin awa 5 na cikakkiyar rana zai tara wat-awa 1,500 a takarda. Bayan an cire kimanin rubu'i saboda zafi da ƙura da asarar caji, sai a tsira da wajen 1,125. Ke nan kusan faranti guda na kwamfutar ne ita kaɗai.

Ga mai wutar gari kuwa, a watan Afrilu na 2024 hukumar da ke kula da harkar lantarki a Nijeriya ta sa farashin yunit ɗaya naira 225 ga masu rukunin A. An yi wa farashin gyara daga baya, amma ya isa misali. Yunit 30 a wata a wannan farashi naira 6,750 ne. Babbar kwamfutar nan mai wat 1,020 kuwa za ta ci kusan yunit 92, wato sama da naira 20,000. Waɗannan alƙaluma na ƙarshen ci ne, abin da za a gani a mita yakan ɗan gaza haka.

Dabarun Rage Ci

Dabara ta farko tana wajen allon kallo. Hoto a allo ɗigo-ɗigo ne. Allo mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye yana da ɗigo 2,073,600. Allon da ake kira 4K, mai 3,840 da 2,160, yana da 8,294,400, ninki huɗu cif. Tun da kati ne ke lissafa launin kowane ɗigo, zaɓen ƙaramin allo yana sauke masa kaya mai yawa.

Ta biyu ita ce ƙayyade yawan hotunan da kati ke zanawa a daƙiƙa. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ba zai nuna cikakkun hotuna fiye da 60 ba. Idan aka bar kati ya zana 150, yawancin wahalarsa ta tafi a banza. Wasanni da yawa suna da wurin sa wannan iyaka, kuma da zarar an sa ta, kati yakan sassauta, fankarsa ta yi shiru.

Ta uku ita ce rage iyakar wuta da bolt. Manhajar AMD ta katin hoto tana da wurin yin haka, akwai kuma manhajoji irin su MSI Afterburner. Ƙwaƙwalwar Ryzen ma tana da yanayin tsimi da ake kunnawa. Kamar yadda lissafi ya nuna a baya, gudun da ake rasawa bai kai wutar da ake tsira da ita ba. Sai dai a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan ana gwadawa, domin idan bolt ya yi ƙasa da yawa wasa zai riƙa tsayawa.

Ta huɗu ita ce fasahar faɗaɗa hoto, irin su DLSS ta Nvidia da FSR wadda AMD ya fitar a 2021. Kati yakan zana hoton da ɗigo kaɗan, sannan a cike sauran ta hanyar lissafi mai sauƙi. Idan aka haɗa ta da ƙayyade yawan hotuna, cin wuta yakan sauka sosai.

Wanda kasafinsa bai kai wat 150 ba yana da wata mafita, wato ƙwaƙwalwar da aka haɗa mata sashen hoto a ciki, kamar Ryzen 7 8700G ta 2024 mai lambar wat 65, wadda ba ta bukatar kati. Na'urar hannu ta Steam Deck da ta fito a 2022 ta nuna iyakar abin da tsimi zai iya yi, domin ƙwaƙwalwarta da sashen hotonta a haɗe ba sa wuce wat 15, amma tana tafiyar da manyan wasanni a ƙaramin allo.

Zafi, Ƙura da Ingancin Wuta

Kusan duk wat ɗin da ya shiga kwamfuta yana fitowa ne a matsayin zafi. Na'ura mai wat 333 a ƙaramin ɗaki tamkar ƙaramin murhun lantarki ne a kunne. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki kawai take turawa ta kan ƙarfe mai zafi. A bazara, lokacin da zafin garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maraɗi ke kaiwa digiri 40 ko fiye, kayan ciki sukan fi zafi da kusan gwargwadon yadda ɗakin ya ƙara zafi. Idan ƙwaƙwalwa ta kai iyakarta, wajen digiri 95 zuwa 100, takan rage gudu da kanta domin kada ta lalace. Don haka ƙaramar na'ura da ke aiki a natse tana iya bin sawun babbar da zafi ya daƙile. A lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Takan toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyayawa, saboda haka a ɗaga akwati daga ƙasa, a sa masa raga, a riƙa busa shi lokaci-lokaci bayan an zare shi daga wuta.

Har ila yau, siffar wutar ma abin dubawa ce. Wutar gari tana hawa da sauka a hankali kamar igiyar ruwa. Wasu inbatoci masu araha kuwa suna fitar da ita a karye kamar matakala, kuma akwatunan wuta na zamani da dama ba sa jituwa da irin wannan, sukan yi ƙara ko su mutu a lokacin da aka ɗauke wuta. Gara a nemi inbata mai fitar da igiya lafiyayya. Ƙaramin janareta kuma bolt ɗinsa yakan yi sama da ƙasa idan an kunna ko an kashe wani abu mai nauyi, don haka kada a haɗa kwamfuta da firji ko dutsen guga a kan inji ɗaya, a kuma kashe ta kafin mai ya ƙare. Ɗalibi kada ya taɓa buɗe akwatin wuta, domin akwai sassa a cikinsa da ke riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare waya.

Kammalawa

Tsarin da muka bi yana farawa ne daga bango ya ƙare a kasuwa. A san wat na haƙiƙa da ake da su, a ware rara, a cire kayan gida, a cire allo da asarar akwati da ƙananan kaya, sannan a raba abin da ya rage tsakanin ƙwaƙwalwa da kati, kati ya ɗauki kaso mafi tsoka. Bayan an haɗa, ƙaramar mitar soket mai nuna wat za ta tabbatar da ko lissafi ya yi daidai.

Malaman kimiyya da lissafi suna iya mayar da wannan aikin aji. A ba kowane rukuni na ɗalibai kasafi daban, wani wat 150, wani 300, wani 500, a ce su tsara kwamfuta, su fitar da awannin da batir zai yi da kuɗin wata. Ɗalibin da ya iya wannan ya iya lissafin da ake yi wajen sa sola a asibitin ƙauye ko injin ban ruwa a gona, domin ƙa'idar ɗaya ce, kayan ne kawai suka bambanta.